Yadda Za Ka Riƙe Abin da Ka Koya: Jagora Bisa Rabe-raben Ƙwaƙwalwa

Sau da yawa za ka ji ɗalibi ya fito daga ɗakin jarrabawa yana cewa, "Wallahi na yi karatu, kaina ne ba ya riƙewa." In ka zauna da shi kuwa, zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, ya rera maka waƙar da bai daɗe da ji ba tun daga farko har ƙarshe, ya hau babur ya ratsa lungunan Fagge bai tsaya tambayar kowa ba. Kan nan yana riƙewa sarai. Abin da bai sani ba shi ne ƙwaƙwalwa tana da ma'ajiyoyi iri-iri, kowace da ƙa'idarta, kuma mantuwa tana iya faruwa a gaɓoɓi daban-daban: ko dai abin bai shiga ba tun farko, ko ya shiga bai zauna ba, ko kuma ya zauna amma ya ƙi fitowa lokacin da aka neme shi. Maganin kowanne daban. Don haka kafin ka sayi wani "maganin ƙarin ƙwaƙwalwa" a tasha, fara da gano inda naka yake zubewa.

Mataki na farko: san ma'ajiyoyin da kake aiki da su

A 1968 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Richard Atkinson da Richard Shiffrin, suka kasa tafiyar bayani a cikin kai zuwa zango uku. An yi wa tsarin nasu gyare-gyare daga baya, amma har yau da shi ake farawa.

Zango na farko shi ne na gaɓɓai. Abin da ido ya gani yana saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya bayan ya gushe, na kunne kuma yakan kai daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Shi ya sa wani zai yi maka magana hankalinka na wani wuri, ka ce "Na'am? Me ka ce?", amma kafin ya maimaita sai ka ji maganar ta dawo maka da kanta.

Zango na biyu shi ne ma'ajiyar gajeren lokaci, wadda ake aiki da ita nan take: riƙe lambar waya kafin a danna, lissafin canji a ka, bin zaren jimla har ta kai ƙarshe. Ita kamar faifai take, hatsin da za ta ɗauka kaɗan ne, kuma in aka girgiza ta sai ya watse. Zango na uku shi ne rumbun, ma'ajiyar dogon lokaci, wadda ba a san iyakar abin da take iya ɗauka ba.

Wannan ta ukun ma kashi-kashi ce. Akwai tunin abin da ya faru da kai a wani wuri da wani lokaci, kamar ranar da ka fara zuwa makaranta. Akwai sanin abu zalla, kamar sanin cewa Yamai ce babban birnin Nijar, ba tare da ka tuna ranar da ka koya ba. Endel Tulving na Kanada ne ya fayyace bambancin waɗannan biyun a 1972. Sai kuma ƙwarewar jiki, irin tuƙa keke, taka keken ɗinki, ko tuƙin tuwo, wadda hannu ya sani ko da baki ya kasa bayani.

Abin da ya tabbatar wa masana cewa waɗannan rabe-raben ba zancen takarda ba ne shi ne labarin Henry Molaison. Farfaɗiya ce ta addabe shi, har a 1953, yana ɗan shekara 27, wani likita mai suna William Scoville ya yi masa tiyata a garin Hartford na Amurka, ya cire wani sashe daga ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu, ciki har da mafi yawan hifokamfus, wato sashen ƙwaƙwalwa da ke taimakawa wajen ajiye sabon abu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon abu ya daɗe ba. Zai yi hira da kai cikin hankali, yana tuna ƙuruciyarsa, amma in ka fita ka dawo bayan 'yan mintoci sai ya gaishe ka gaisuwar baƙo. Brenda Milner, wadda ta yi shekaru tana nazarinsa, ta ba shi wani aiki mai wuya: ya bi zanen tauraro da fensir alhali ta madubi kawai yake ganin hannunsa. Cikin kwana uku ya ƙware, amma kullum aka kawo masa sai ya ce bai taɓa yi ba. Hannu ya koya, mai hannun bai san an yi ba. Ya rasu a 2008.

Aikinka a nan: ɗauki abu uku da ka manta a makon nan, ka tambayi kanka kowanne wane iri ne. Sunan mutumin da aka gabatar maka? Ma'anar wani darasi? Saƙon da aka aike ka? Za ka ga matakin da ya fi shafarka a ƙasa.

Mataki na biyu: tsare ƙofar shiga

Mafi yawan abin da muke kira mantuwa bai taɓa shiga ba. Ka ajiye makulli kana waya, daga baya ka birkice gida kana nema. An faɗa maka suna a wurin ɗaurin aure kana tunanin abin da za ka ce, sai sunan ya wuce ta gefen kunne.

A 1959 Lloyd da Margaret Peterson suka gwada wannan. Sukan ba mutum baƙaƙe uku, sai su sa shi ƙirga lamba da baya, uku-uku, don kada ya samu damar nanata su a zuci. Bayan daƙiƙa 18 kacal, kusan ɗaya cikin goma ake iya tunawa. Daƙiƙa 18 fa, wato kusan lokacin da kake ɗauka ka duba saƙon WhatsApp ka dawo kan littafi.

Saboda haka in za ka yi karatu, wayar ta kwana a wani ɗaki, ba kifa ta a gefenka ba. Ka yanke wa kanka minti 25 zuwa 40 na abu ɗaya, ka huta kaɗan, ka dawo. In an faɗa maka suna, maimaita shi da baki nan take: "Malam Sani, sannu da zuwa." In ka ajiye abu, faɗa wa kanka a bayyane, "Na sa makulli a aljihun jamfa." Za ka ji kamar wauta, amma yana aiki.

Mataki na uku: dunƙule abu kafin ka ɗauka

George Miller ya rubuta a 1956 cewa ma'ajiyar gajeren lokaci tana ɗaukar abu bakwai, ko sama ko ƙasa da biyu. Binciken baya, musamman na Nelson Cowan a 2001, ya nuna abin ya fi kusa da huɗu. To amma yaya muke riƙe lambar waya mai lamba 11? Ba ma ɗaukarta ɗaiɗai. Muna cewa 0803, sai uku, sai huɗu, ta zama dunƙule uku. Kuma 0803 ɗin ma ba sabon abu ba ne, tuni yana cikin rumbu.

Sirrin ke nan: girman dunƙule ya dogara da abin da ka riga ka sani. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka nuna wa gwanayen wasan darar Turawa allo na 'yan daƙiƙoƙi, suka iya mayar da 'ya'yan darar wurarensu fiye da 'yan koyo nesa ba kusa ba. Da aka watsa 'ya'yan barkatai, yadda ba za a taɓa gani a wasa na gaskiya ba, sai fifikon ya kusan ɓacewa. Gwanin fasali yake gani, ɗan koyo kuwa ɗaiɗaikun 'ya'ya.

Kafin ka fara haddace babi, duba kanun cikinsa, ka raba shi gida uku ko huɗu, ka ba kowane gida suna da kalmominka. Sannan ka shiga ciki.

Mataki na huɗu: nemi ma'ana, ka ɗaura sabo a jikin tsoho

Fergus Craik da Robert Lockhart sun kawo hujja a 1972 cewa daɗewar abu a kai ta fi dogara da zurfin tunanin da aka yi a kansa fiye da yawan nanata shi. Ga misali. Ɗalibi yana iya nanata "bangon ɓangaren hagu na zuciya ya fi na dama kauri" sau ashirin, ranar jarrabawa ya rikice ko hagu ne ko dama. Wani kuma ya tsaya ya ce, me ya sa? Ɓangaren dama huhu kawai yake tura wa jini, ga shi nan kusa. Na hagu kuwa sai ya tura har tafin ƙafa da tsakar ka, dole ya fi ƙarfi. Wannan ɗalibin ba zai sake rikicewa ba, don ko ya manta jimlar zai iya gina ta da kansa.

Shekarun tarihi ma haka. An fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804, Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ka lura tsakaninsu shekara 99 ce, saura ɗaya ɗari. Shekara 11 bayan nan, a 1914, aka haɗe Arewa da Kudu. Yanzu lambobin sun riƙe juna, in ɗaya ta suɓuce sai 'yar'uwarta ta jawo ta.

Abin da ba shi da wata ma'ana sai jeri, akwai tsohuwar dabara tun zamanin Girkawa da Rumawa: ka bi gidanku a zuci, daga ƙofar gida zuwa zaure, tsakar gida, madafa, bakin rijiya, kana ajiye abu ɗaya a kowane wuri cikin siffa mai ban mamaki ko ban dariya. In ka tashi tunawa sai ka sake bin hanyar. Tana da amfani ga jerin abubuwa ko gaɓoɓin jawabi, amma ba ta maye gurbin fahimta.

Mataki na biyar: rufe littafi ka jawo da ka

In za ka ɗauki abu ɗaya daga wannan rubutu, to wannan ne. Mafi yawan ɗalibai in sun ce sun yi bita, nufinsu sun sake karantawa, wataƙila sun ja layi da jar biro. Sake karantawa yana da daɗi, don komai yana zuwa da sauƙi, ido yana gane shafin, zuciya tana cewa "na san wannan". Amma gane abu in an nuna maka daban, fito da shi daga kanka a kan farar takarda daban. Jarrabawa kuwa na biyun take nema.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi zama huɗu. Wasu suka karanta zama ɗaya, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, ɗayan rukunin 71. Bayan mako guda sai lamarin ya juye: masu maimaita karatu suka faɗo 40, masu gwada kansu suka tsaya a 61. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, da aka tambaye su tun farko, masu maimaita karatun ne suka fi tabbacin za su tuna.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ko Islamiyya ya san wannan ba sai an kawo masa Bature ba. Ba a cewa yaro ya haddace don ya kalli allo ya karanta. Sai ya juya allon, ya kawo da ka a gaban malam, inda ya tuntuɓe a gyara masa, sannan a ba shi izinin wankewa. Alarammomi kuma har rubuta Alƙur'ani suke da ka. Abin mamaki shi ne yadda yaron da ya tashi da wannan tarbiyya yake shiga boko ya watsar da ita, ya koma kallon littafi kawai.

Ga yadda za ka yi. Karanta shafi biyu ko uku. Rufe. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ko ka yi wa bango bayani da baki kamar kana koyar da ƙaninka. In ka maƙale, kada ka yi saurin buɗewa, yi ɗan kokawa da shi tukuna, don wannan kokawar ita ce aikin. Sannan buɗe, ka duba abin da ka tsallake ko ka juya, ka yi masa alama, ka sake rufewa. Mai shirin JAMB ko WAEC ya amsa tsofaffin tambayoyi kafin ya duba amsa, kuma ya fara tun yanzu, kada ya bari sai ya "gama karatu". In kuna karatun rukuni, ku riƙa yi wa juna tambayoyi maimakon mutum ɗaya ya yi ta karantowa saura suna gyaɗa kai.

Za ka ji kamar ka fi shan wahala, kuma kamar ba ka gaba. Kada wannan ya sa ka koma tsohuwar hanya.

Mataki na shida: rarraba bitar

Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, shi ne ya fara auna mantuwa da lissafi, ya wallafa sakamakonsa a 1885. Da kansa ya yi gwajin: yakan haddace jerin gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya bar su, sannan ya auna sauƙin da zai samu wajen sake koyonsu. Bayan minti 20 sauƙin ya kai kashi 58 cikin ɗari, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya kusan 34, bayan wata guda 21. Abu mai ma'ana ba ya zubewa da sauri haka, amma fasalin ɗaya ne: asarar ta fi yawa a farko, daga baya ta lafa. Shi ne kuma ya lura cewa bitar da aka raba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya.

Tsari mai sauƙi: abin da ka koya yau, ka jawo shi da ka gobe, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Ba wahayi ba ne, kana iya gyara shi. Ƙa'idar dai ita ce, gwargwadon nisan ranar da za ka buƙaci abin, gwargwadon tazarar da za ka bari tsakanin bita da bita. In kana son ya tafi da kansa, yanka kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, ka samu gwangwani uku. Na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da ka amsa daidai ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma na farko komai nisan da ya yi. Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan dabara a Jamus a 1972, kuma manhajoji irin su Anki a kan wannan tunanin suke tafiya.

Mahaddata sun daɗe da nasu tsarin: ƙarin yau, muraja'ar na kusa, da tilawar na nesa har a zagaye izu sittin. Hadisin Bukhari da Muslim ma ya yi gargaɗi cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa in ba a kula da shi ba. Sun kuma san wata matsalar da masana suke kira katsalandan, wato abu biyu masu kama su riƙa shiga wa juna. A Baƙara an ambaci shiga ƙofa da sujada kafin faɗin kalmar neman gafara, a A'arafi kuma aka gabatar da faɗin kalmar. Mai hadda ba ya guje wa irin waɗannan ayoyi, jera su yake gefe da gefe ya gane bambancin. Yi haka da duk darussa biyu da suke rikita ka.

Mataki na bakwai: yi barci

Ajiyar ba ta ƙarewa lokacin da ka rufe littafi. Cikin barci hifokamfus yana sake bin abin da aka koya da rana, yana taimakawa ya kafu. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka gwada ɗalibai biyu a Jami'ar Cornell: bayan awa takwas na barci sun tuna fiye da rabin abin da suka haddace, bayan awa takwas a farke kuwa kusan ɗaya cikin goma. Baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai, matashi takwas zuwa goma. Kwanan zaune da kofi ko goro daren jarrabawa yana iya tsallakar da kai gobe da ƙyar, amma bayan mako kaɗan za ka tarar ya saura. Gara ka yi bita ta ƙarshe bayan isha'i, ka kwanta, ka jawo ta da ka bayan asuba.

Mataki na takwas: aikin hannu da aikin gobe

Ƙwarewar jiki ba ta shiga ta karatu ko kallon bidiyo, sai an yi. Kuma ita ma ta fi son kaɗan-kaɗan kullum. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa suka bi ma'aikatan gidan waya a Ingila da ake koya wa buga rubutu da na'ura: masu awa ɗaya a rana sun ƙware cikin jimillar awoyi kaɗan fiye da masu awa huɗu a rana. Mai koyon ɗinki ko tuƙi ya fara a hankali kuma daidai, a gaban wanda zai gyara masa, don kuskuren da hannu ya saba da shi ya fi wuyar cirewa.

Akwai kuma tuna abin da za a yi nan gaba: shan magani, kai saƙo, biyan kuɗin makaranta. Nan ne masu kaifin hadda ma suke faɗuwa, don babu mai tambayarka, kai ne za ka tuna cewa akwai abin tunawa. Kada ka ce "zan sha magani da safe". Ɗaura shi a jikin abin da ba ka fashinsa: "In na sallame sallar asuba zan sha", ka kuma ajiye maganin inda idonka zai faɗa a kansa, nesa da hannun yara. Saura kuma ka bar wa ƙararrawar waya da takarda, ba abin kunya ba ne.

Mataki na tara: kada ka yarda da duk abin da ka tuna

Abin da ka tuna ba faifan bidiyo ba ne, duk lokacin da ka jawo shi sake haɗa shi kake, kuma wani abu na iya shiga. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota. Waɗanda aka tambaya gudun motocin lokacin da suka "ragargaji juna" sun kimanta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa "suka taɓa juna" kusan 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, 16 cikin 50 na waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai zafi suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Mutum yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan abin da bai faru ba. Don haka bashi, ciniki, ajiya da alƙawari a rubuta su nan take da shaidu, kuma in ka ga wani abu da za a iya neman shaidarka a kai, rubuta abin da ka gani kafin ka ji bakin wasu.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Manta inda aka ajiye waya, ko suna ya tsaya a bakin harshe ya dawo daga baya, duk wannan ba ciwo ba ne. Abin da ake jin tsoro shi ne mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin ɗan lokaci, ya ɓata a unguwar da ya sani, ya kasa lissafin kuɗin da ya saba yi, ya rikice a girkin da ya yi shekaru yana yi, ko halinsa ya canza. Kada a ce tsufa ne kawai a zuba ido. Wasu dalilan ana maganinsu: ciwon damuwa, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, rashin barci, illar wasu magunguna, da shan tiramadol ko kodin. Hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su ba suna lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali. A fara da babban asibiti mafi kusa, daga nan za a iya tura mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, kuma wanda yake zaune da shi ya raka shi, don shi ne zai iya faɗin lokacin da abin ya fara. In kuwa rikicewar ta zo farat ɗaya, musamman tare da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki, a garzaya asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.